Gwajin ƙarfin tsofaffi a wajen likitan fisiyo (mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi)

Jama'a duk mai tsoho a gida ya daure ya kai shi a auna masa ƙarfin jiki, mun kai Hajiyarmu wani asibitin kuɗi kuma gaskiya aikin ya burge ni, ba wai awon BP da suga kawai ba. Kujera suka ba ta, aka ce ta tashi ta taka mita 3 ta juyo ta zauna, likita riƙe da agogo, ya ce wanda ya kai sakan 12 ko fiye akwai haɗarin faɗuwa. Sai tambayoyi shida, wanka, sa kaya, shiga bayi, tashi daga gado, riƙe fitsari da bahaya, cin abinci, wanne take yi da kanta. Nos ɗin cikin ladabi take tambaya, "Mama ke kike ɗaura zaninki?" har Hajiya ta saki jiki, ita da ba ta son asibiti.

Inda suka gaza, layi ya yi tsawo ga bencin ba majingina, tsofaffi fa! Kuma fom ɗin duk Turanci ne, ba tambaya ko ɗaya kan ruku'u da sujada alhali nan gwiwa ta fi damunta. Kuɗin kati ma da ɗan tsada amma dai za mu koma.