Zafin injin babur: mai lagireto da mai shan iska

Ɗan'uwa, ka ce mitar babur ɗinka tana kai digiri 103 in ka shiga cunkoso, fanka ta tashi, hankalinka ma ya tashi. Abokinka kuma ya haska kan injin nasa da ma'aunin nan mai kama da bindiga, ya ga 170, amma shi ko a jikinsa. Kana tambaya wane ne a cikinku injinsa ke shirin yin nokin.

In dai yadda ka faɗa ne, babu ko ɗaya. Ba abu ɗaya kuka auna ba. Mitarka ruwa take aunawa, shi kuwa tsurar ƙarfe ya auna, kuma a wurin da wuta ke ci.

Naka mai lagireto ne. Ruwa ke zagaya silinda yana kwaso zafi. A hanyarsa akwai ɗan bawul da ake kira tamostat, wanda ba ya barin ruwan ya wuce lagireto sai ya ɗumama. A yawancin babura yana fara buɗewa ne tsakanin digiri 70 da 85 a ma'aunin Salshiyos. In hanya a buɗe take, za ka ga mita ta zauna tsakanin 75 da 95. Da ka tsaya, iska ta daina ratsa lagireto, sai lamba ta fara hawa, fanka ta kama wajen 100 zuwa 105, ta sauko da ita, ta ɗauke. Wannan hawa da saukar shi ne lafiyar injin.

Za ka ce ai a 100 ruwa ke tafasa. Haka ne, in a buɗe yake. Murfin lagireto yana riƙe matsi na kusan 1.1 a ma'aunin matsi da ake kira "bar", ruwan kuma haɗi ne rabi da rabi da sinadarin sanyaya inji. Waɗannan biyun sun ɗaga tafasarsa zuwa sama da 120. Saboda haka 103 ɗinka da sauran tazara.

Na abokinka ba ruwa, ba fanka. Tsage-tsagen ƙarfen nan da ke jikin silinda su ne lagiretonsa, iskar tafiya ce fankarsa. Kan silinda kusa da fulogi ya kai 150 zuwa 200 ba abin mamaki ba ne. Masu ƙera shi sun san da haka, shi ya sa suke barin sarari tsakanin fistin da silinda fiye da na mai ruwa, don ƙarfe yana buɗewa in ya ji wuta. Ƙas-ƙas ɗin da kake ji bayan an kashe shi, ƙarfen ne ke komawa mazauninsa. A irin wannan inji baƙin mai shi ne mai ba da labari na gaskiya: 90 zuwa 120 daidai ne. In ya daɗe sama da haka sai ya tsinke kamar ruwa, ya yi saurin lalacewa, shi ya sa mai shan iska ba ya yafe jinkirin juyen mai.

Tsayuwa ce ke raba su. Naka zai iya zama a cunkoso muddin fanka na aiki. Nasa kuwa in aka bar shi yana silo na dogon lokaci, zafi taruwa kawai yake yi, gara a kashe. Kuma ba shi da jar wuta da za ta gargaɗe shi, sai dai kunne da hanci: ƙarfi ya ragu, inji na ƙyas-ƙyas in an murɗa, warin ƙonannen mai na tashi. Galibi laka ce ta cike tsage-tsagen, ko mai ya yi ƙasa, ko kafireta na ba da iska fiye da fetur. Naka in zai ba da matsala, mita za ta wuce 110 ta ci gaba da hawa fanka shiru, ko ka ga ruwa na ɗiga a ƙasa. Fara da duba fiyus ɗin fanka, sannan yawan ruwa, sannan murfin.

Abin da nake ƙi shi ne cire tamostat wai don inji ya yi sanyi. Injin da bai ɗumama ba ya fi shan fetur, ya fi cin ƙarfensa, kuma danshin da ke taruwa a cikin mai ba ya fita sai man ya kusa 100. Shi ne kake buɗe murfin mai ka ga wani fari-fari a jikinsa.

Af, in wata rana mita ta nuna maka 215, duba ko harafin F ne a gefe. 212 a Faranhait shi ne 100 a Salshiyos.

Ka gaya wa abokinka kada ya watsa wa injin ruwan sanyi yana da zafi, ƙarfen na iya tsagewa. Kai kuma kada ka taɓa murfin lagireto sai inji ya huce sarai. Na taɓa buɗewa da tsumma ina gaggawa, tabon na nan a bayan hannuna har yau.