Tana ko ɗan karfasa mai rai: wanne ke kamo babbar tarwaɗa?

Ɗan'uwa mai tambaya a kan abin da zai sa wa ƙugiya a dam ɗin Sabke ko Daberam, tana ko ɗan karfasa mai rai: ɗauki karfasa, in dai babbar tarwaɗa kake nema.

Tarwaɗa in ta girma, 'yan kifaye take farauta, kuma da dare ta fi kiwo. Ba ido take bi ba, gashin bakinta da jikinta ne ke jiyo ƙarni da motsi, don haka ɗan karfasa mai mutsu-mutsu a ƙasan ruwa kiranta yake yi. Zaɓi mai tsawon yatsa, santimita 6 zuwa 8. Rage ƙayoyin bayansa da almakashi, ka soka ƙugiya a tsokar da ke ƙarƙashinsu, tsininta ya fito fili. Kada ka taɓa ƙashin baya. In ka taɓa, nan da nan zai juya ciki sama, an gama. Zare ya zama mai kaurin milimita 0.45 ko 0.50. Dalma kuma ta riƙa zamewa a jikin zaren, ka tare ta kamar kamu biyu kafin ƙugiya, don kifin ya samu wurin yawo, ita kuma tarwaɗar kada ta ji nauyi ta tofar.

Wurin ja ne mutane ke yin asara. Za ka ga zare yana rawa kaɗan-kaɗan, wannan ɗan karfasan ne ya tsorata. Sai zaren ya miƙe ya fara tafiya. Ƙirga biyar tukuna ka fizga, in ka yi gaggawa daga bakinta za ka zare shi.

Wahalar ɗan karfasa ɗaya, ajiya. Bokitin lita 20 kada ya wuce guda 15, a inuwa, ana sauya ruwa duk awa da ruwan dam ɗin. Ruwa in ya yi zafi iskarsa raguwa take, ruwan famfo mai magani kuwa kashe su yake.

Tana tana da arha, tana kuma aiki a farkon damina inda jan ruwa ke shigowa, amma ƙananan karfasa da ƙurungu ne za su tsattsage ta kafin babba ta iso.

A kula da masu sayarwa a bakin ruwa. Wani zai girgiza bokiti a gabanka don kifin da ya galabaita ya yi kamar mai kuzari. Ka ce a ajiye ruwan ya natsu: duk wanda ya taso sama yana buɗe baki, ko ɓawon jikinsa ya goge, bar masa kayansa. Ƙugiya ma ka matsa ta da filaya kafin ka biya, wadda ta buɗe babbar tarwaɗa za ta miƙar da ita. Sannan ka gaisa da Sarkin Ruwa da masuntan wurin kafin ka jefa, su suka san inda aka kafa raga.