Sharhina kan Ruger PC Carbine, ga masu harbin nishaɗi a Amurka

Ƴan uwa da ke nan Amurka suna yawan tambayata wace doguwar bindiga ce ta dace da mai son zuwa filin harbi ranar Asabar kawai ya huta, ba farauta ba, ba wani abu ba. Ni dai wadda na saya kuma nake amfani da ita Ruger PC Carbine ce mai cin harsashin 9mm, irin harsashin da ake sa wa fistol, kuma in aka ce in sake zaɓe ita zan sake ɗauka.

Dalilin farko aljihu ne gaskiya. Kwalin 9mm mai guda 50 ya fi na 5.56, wato harsashin dogayen bindigogi, sauƙi nesa ba kusa ba, kuma a kantunan da ke sayar da harsashi ba ya wuyar samu. Wanda bai fara harbi ba yana ganin kuɗin bindiga ne matsala, a'a, ita sau ɗaya ake saye, harsashi ne ke cin kuɗi kullum kamar man mota. Sannan filayen harbi na cikin gini da yawa ba sa yarda da manyan harsasai, amma 9mm ba wanda zai ce maka uffan, ko lokacin ƙanƙara ne sai ka shiga ciki ka yi abinka.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne maganar magazin, wato gidan da ake jera harsasai a ciki. A kwalinta tana zuwa da magazin ɗin Ruger mai cin 17, amma akwai wani mazubi na biyu a ciki wanda in ka canza shi sai ta koma cin magazin ɗin Glock. Ni da ma ina da fistol Glock 19, to kun ga ba sai na sake kashe kuɗi ba, jaka ɗaya, magazin iri ɗaya, harsashi iri ɗaya. Shawarata ga duk mai neman irin wannan bindiga ya fara duba fistol ɗin da ke hannunsa tukuna, sannan ya nemi wadda za su yi tarayya. In kana California ko New York kuwa ka sani doka ta tsayar da magazin a 10.

Tana da nauyi, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, ta kusa fam 7 tun kafin ka ɗora mata komai. Na riƙe Kel-Tec Sub-2000 ta wani abokina, wadda ake ninkewa biyu ta shige jakar baya, ita fam 4 da ɗan wani abu ce kawai, kuma wallahi dabarar ƙirarta abin burgewa ce. Akwai kuma M&P FPC ta Smith & Wesson da ta fito a 2023, ita gefe take ninkuwa. Amma ni ba dutse zan hau da bindiga ba, daga but ɗin mota ne zuwa tebur, kuma nauyin nan shi ke sa in ka dana kunama bakinta ba ya tsalle sosai, sai ka ga saitinka ya dawo inda yake kafin ka ƙifta ido. Kar dai wani ya ce maka ba ta tokarin kafaɗa sam, tana yi, don ƙarfin fashewar harsashin ne kai tsaye ke tura ƙarfen cikinta baya, shi ya sa ma suka sa masa wani nauyi na tungsten ya rage dukan. Tokari ne mai laushi dai, uwargida ma tana harba ta ba ta korafi.

Tana rabuwa biyu, ka ja ƙarfen baya ka kulle, ka danna ɗan maɓallin da ke ƙasa, ka murɗa bututun sai ya fito a hannunka. Akwai wani zobe a gindin bututun da ake ɗaurewa tun ranar farko, a ɗaure shi da kyau yadda littafinta ya ce, don in ya yi sako-sako harbi zai riƙa warwatsewa ka ɗauka hannunka ne. Bahago ma an tuna da shi, ana iya mayar da marikin da ake jan ƙarfen da shi zuwa ɗaya gefen.

A yadi 25 zuwa 50 nan ne take nuna kanta. Na ɗora mata ɗan madubin saiti mai jan ɗigo, in ka jera faranten ƙarfe kana bi ɗaya bayan ɗaya kana jin "tin, tin, tin", wannan daɗin ba ya misaltuwa, ba ka sanin lokacin da kwali zai ƙare. A yadi 100 tana kaiwa amma harsashin ya fara sunkuyawa sai ka ɗan ɗaga, fiye da haka kuma ba aikinta ba ne, mai son nesa ya nemi wata. Tana kuma saurin yin baƙin hayaƙi a ciki, musamman da harsashi mai arha, don haka goga da mai ba sa barin jakata.

Wajen saye ba wani wahala in takardunka sun cika, a kanti mai lasisi za ka cike fom 4473 su duba tarihinka, mai girin kad, wato katin zaman dindindin, ma yana iya saye, sai dai wasu jihohi suna da nasu ƙarin sharuɗɗa, ka tambaya tukuna. Bututunta ya ɗan haura inci 16, wato ta cika ƙa'idar tarayya ta doguwar bindiga.

Cikin kuɗin da ka ware ka cire na abin toshe kunne da gilashin kare ido, da akwatin ƙarfe mai makulli musamman in akwai yara a gidan. Kuma filayen harbi da yawa suna ba da hayar bindiga, ka biya ƴan daloli ka harba biyu ko uku daga cikin waɗanda na ambata kafin ka kai hannu aljihu.