Tumaki masu fitila da tumakin gasa: ina aikin kare, ina aikin kwamfuta?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya ce ya kalli wani bidiyo da tumaki ke zana hotuna da fitilu a kan tudu cikin dare, sannan ya kalli wani da kare ɗaya ke kora 'yan tumaki biyar a gaban alƙalai, ya tambaya ko abu guda ne, kuma wanne ne ke nuna ainihin gwanintar karen da ake kira border collie. Malam, kare iri ɗaya ne a duka biyun, amma abin da ake son ka gani ya bambanta, kamar yadda damben da aka yi a fili ya bambanta da faɗan cikin fim.

Bari mu fara da na gasar, domin shi ne ya girme. An yi gasar karnukan kiwo ta farko da ta shahara a Birtaniya a garin Bala da ke Wales a 1873, aka kafa ƙungiyar da ke kula da ita a 1906, kuma yawancin karnukan da ke fafatawa a yau asalinsu yana komawa ne ga wani kare mai suna Old Hemp, wanda aka haifa a 1893 a Northumberland, a kan iyakar Ingila da Sikotland. BBC ce ta mayar da gasar abin kallo a talabijin a 1976 da shirin One Man and His Dog, wanda ya tara miliyoyin masu kallo, ciki har da mutanen birni da ba su taɓa riƙe tunkiya ba. A gasar ƙasa, makiyayi yana tsaye a wuri guda, tumaki biyar suna can nesa da shi kimanin yadi 400, an ba shi minti 15. Kare zai yi dogon zagaye ya ɓullo ta bayansu ba tare da ya razana su ba, ya taso su a hankali, ya kawo su a miƙe, ya bi da su ta wasu ƙofofi, sannan shi da ubangidansa su ware wasu daga ciki, su kuma shigar da su wani ɗan shinge. Kowane mataki da makinsa, kowace karkata ana rage maki, kuma karen da ya ciji tunkiya ana iya fitar da shi nan take. A babbar gasar ƙasa da ƙasa tumakin ashirin ne, kashi biyu, a nisan da ya kai yadi 800, inda murya ba ta isa sai fito.

Abin da ya sa wannan kallo ke da daraja a wurina shi ne babu wurin ɓoye kuskure. Za ka ga tunkiya guda ta turje a bakin shinge tana buga ƙafa, kare ya kwanta ya kafe ta da ido, lokaci yana tafiya, makiyayi yana riƙe da igiyar ƙofa ba shi da ikon taɓa tunkiyar. Wannan kafe ido da tafiyar sanɗa, kai a ƙasa, su ne makamin border collie, domin ba da haushi yake aiki ba. Aibin kallon shi ne yana bukatar haƙuri, kuma wanda bai san ƙa'idar ba zai ga kamar ba a yin komai.

Shi kuwa na fitilun, wanda ya fito a 2009, talla ce da aka shirya wa kamfanin Samsung don tallata talabijin ɗinsa na LED, aka ɗauka a tuddan Wales tare da makiyaya da karnuka na gaske. Da rana an jera tumakin suka zama siffar ƙatuwar tunkiya mai tafiya, da dare kuma aka ɗaura musu riguna masu ƙananan fitilu, suka kwaikwayi tsohon wasan kwamfuta na Pong, suka yi kamar tartsatsin wuta na biki, har aka haɗa hoton Mona Lisa, wato shahararren zanen nan na wata mace mai murmushi. Korar da ke ciki ta gaske ce, amma an hanzarta hoton, an yanka an haɗa, kuma kwamfuta ta taimaka a wasu wurare. Hoton Mona Lisa ɗin ma guntu-guntu aka ɗauke shi aka jera daga baya, bidiyon da kansa bai ɓoye hakan ba.

Akwai dalilin da ya sa kare shi kaɗai ba zai iya irin wannan zane ba. Tunkiya idan ta ji tsoro tsakiyar garke take nufa, shi ya sa garken da kare ya matsa wa yake dunƙulewa wuri ɗaya. Wani bincike da aka wallafa a 2014, wanda Andrew King na Jami'ar Swansea ke cikin masu shi, ya ɗaura wa tumaki da kare na'urar GPS, ya nuna cewa aikin karen ya ginu a kan abu biyu: idan garke ya watse ya tattara shi, idan ya haɗu ya tura shi gaba. Da wannan ana iya samun dunƙule, ko dogon layi, ko a raba garke biyu, ko a sa shi ya kewaya, amma ba za a sami ido da hanci da murmushi ba, sai mutum ya tsayar da kowace tunkiya a gurbinta ko mai tace hoto ya gyara. Saboda haka a bidiyon fitilu gwanin da ya fi kowa aiki shi ne wanda ya zauna a gaban kwamfuta, karen kuwa da ƙyar ma ake ganinsa cikin duhu.

Tsakanin waɗannan biyun akwai bidiyon da ake ɗauka daga sama da jirgi marar matuƙi, musamman a manyan gonakin New Zealand, inda ɗaruruwan tumaki ke kwarara ta ƙofa ɗaya. Ba a ƙara komai a ciki ba sai sauri, amma saurin yana shafe abin da ya fi wuya, wato jiran da kare ke yi kafin ya ɗaga ƙafa. Ga shi kuma ba duk karnukan da ke ciki ne border collie ba, domin a can suna da wani kare mai suna huntaway wanda da haushi yake kora.

Wataƙila abin da ya sa lamarin ya ba ka mamaki shi ne a ƙasarmu ba haka ake kiwo ba. Uda da Balami da 'Yankasa sun san makiyayinsu, kullum suna tare, sanda da kira sun isa, kare kuma aikinsa gadi ne ko farauta. Tumakin tuddan Birtaniya kuwa sakinsu ake yi su yi watanni a warwatse ba mai bin su, don haka idan lokacin aski ko magani ya yi, mutum ɗaya ba zai iya tattaro su da ƙafa ba.

Idan nishaɗin minti uku kake nema ka nuna wa yara, na fitilun ya fi, kuma ba laifi ba ne a yaba wa waɗanda suka tsara shi. Idan kuwa karen kake son gani, nemi bidiyon gasa wanda ba a yanka ba, mai sautin fili ba kiɗa ba, ka saurari fiton: akwai na zagayawa ta dama, da na hagu, da na tsayawa, kuma makiyayin da ke aiki da karnuka biyu kowanne da nasa fiton daban. Ka lura da tumakin fiye da karen, domin a hannun gwanin kare tafiya suke yi a natse a kan layi, ba gudu ba.