Turnberry, St Andrews ko Slieve Donard: kafin ka biya kuɗin ɗaki, tambayi mai filin

Wanda ya fara riƙe sandar golf, wasan da wasu ke kira ƙwallon lambu, ba ya daɗewa bai ji labarin filayen bakin teku na Sikotilan da Ailan ba. Ko a filin IBB na Abuja yake wasa ko a Kaduna, wata rana sai wani ya nuna masa hoton wani ƙasaitaccen otal a kan tudu, ga koriyar ciyawa shimfiɗe, ga teku a bayanta. Abin da hoton ba ya faɗa shi ne, ba kowane otal ne ke da iko da filin da ke ƙofarsa ba. Mutum na iya biyan kuɗin ɗaki mai tsada, ya wuni yana leƙen fili ta taga, ya dawo gida bai buga ƙwallo ko ɗaya a kansa ba. Cinikin biri a sama ke nan. Don haka kafin a yi maganar kyawun ɗaki, ga yadda wurare uku da suka fi suna suke ta wannan fuskar.

Da yawa daga cikin irin waɗannan otal-otal kamfanonin jirgin ƙasa ne suka gina su. Dabarar mai sauƙi ce: a shimfiɗa layin dogo zuwa bakin teku, a gina masauki a ƙarshensa, attajiran birni su sayi tikiti su kuma kama ɗaki. Jiragen sun daina zuwa tuntuni, gine-ginen kuwa suna nan.

Turnberry, a gaɓar Ayrshire da ke kudu maso yammacin Sikotilan, shi ne cikakken misalin wannan. Willie Fernie ya tsara filin farko a 1901, kamfanin Glasgow and South Western Railway kuma ya buɗe otal ɗin a 1906, bisa zanen James Miller. Dogon farin gini ne mai jan rufi a kan tudu, yana kallon tsibirin Ailsa Craig, wani dunƙulallen dutse a tsakiyar ruwa. Sau biyu yaƙi ya cinye filin. A yaƙin duniya na farko da na biyu an mai da shi sansanin jiragen sama, otal ɗin kuma ya zama asibiti. A karo na biyu har kankare aka zuba a kan ciyawar, ta yadda da yawa suka ɗauka golf ya ƙare a nan. Mackenzie Ross ne ya sake gina filin, aka buɗe shi a 1951. Har yau ana ganin ragowar titin jirgin, kuma akwai dutsen tunawa da matuƙan da suka mutu a kan wani tudu cikin filin.

Abin da ya ɗaga sunan Turnberry shi ne gasar Open ta 1977 (Open na cikin manyan gasannin golf na duniya), inda Tom Watson da Jack Nicklaus suka bar sauran 'yan wasa a baya suka kece raini su biyu, Watson ya ci da bugu 268, Nicklaus na da 269, domin a golf mai ƙarancin bugu ke cin nasara. Greg Norman ya ci a nan a 1986, Nick Price a 1994. Sai 2009, da Watson ɗin nan dai, yana ɗan shekara 59, ya zo ramin ƙarshe kofi na hannunsa, ya kuɓuce masa, Stewart Cink ya doke shi a ƙarin ramuka. Ni dai ban san wani rashin nasara a wannan wasa da ya fi wannan taɓa zuciya ba. Ga kuma hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta 1873, wadda aka gina a kan kufan fadar da ake cewa a nan aka haifi sarkin Sikotilan Robert the Bruce a 1274. Yanzu 'yan wasa na tsayawa cikinta su sha shayi a tsakiyar zagaye, har da ɗakin kwana a sama ga mai ƙarfin aljihu.

Ga mai saye, babbar fa'idar Turnberry ita ce otal da fili duk na mai gida ɗaya ne. Ka kama ɗaki, ka kama lokacin wasa a waya guda, kuma baƙon otal yana biyan ƙasa da wanda ya zo daga waje. Tsada kuwa ba a magana, domin yana cikin filaye mafi tsada a Birtaniya. Sannan akwai batun mai gidan. Donald Trump ya saye shi a 2014, aka sa masa sunansa, Martin Ebert ya sake fasalin babban filin wurin mai suna Ailsa aka buɗe a 2016. A farkon 2021 hukumar R&A mai shirya gasar Open ta ce ba za ta mayar da gasar can ba a nan kusa, kuma tun 2009 ba a sake yin ta a wurin ba. Wani wannan bai dame shi ba, wani kuwa ba zai so kuɗinsa ya shiga wannan aljihun ba. Kowa ya san zuciyarsa. Abu na ƙarshe: wurin a keɓe yake, kusan kilomita 80 daga Gilasgo, babu gari a kusa da za a fita yawo da ƙafa. Idan iyali ba sa wasa, a yi tunani.

St Andrews labarinsa daban ne, kuma a nan aka fi yin kuskure. Tsohon filin, Old Course, ba na wani otal ba ne, ba kuma na wani kulob ba. Filin jama'a ne, wata hukumar amintattu mai suna St Andrews Links Trust ke kula da shi tun 1974. Takardar da ta tabbatar wa mutanen gari 'yancin wasa a wurin ta 1552 ce, kuma a nan aka tsayar da zagaye a ramuka 18 a 1764, abin da duniya ta bi. Ranar Lahadi ba a wasa, sai filin ya koma wurin shan iska, mutane na yawo da yara da karnuka a inda aka yi gasar Open har sau 30. Wanda ya tsara tafiyarsa ta faɗo Asabar da Lahadi kawai ya riga ya yi asarar rabi.

Hanyar samun lokaci a nan ita ce a nema tun a shekarar da ta gabaci ta tafiyar, ko a shiga ƙuri'ar da ake yi kwana biyu kafin ranar wasa, ko a sayi shirin tafiya mai tsada daga kamfanonin da aka ba izini, wanda ya haɗa ɗaki da tabbataccen lokaci. Ana kuma neman shaidar matsayin ɗan wasa, handikaf ɗin da bai wuce 36 ba, saboda haka a karɓo ta daga kulob tun a gida. Duk otal ɗin da ya yi maka alkawarin Old Course, ka ce ya rubuta rana da sa'a.

Otal biyu ne ke gogayya a bakin filin. Old Course Hotel sunansa ya fi shekarunsa: a 1968 aka buɗe shi, a inda harabar jirgin ƙasa take a da, kuma kamfanin Kohler na Amurka ke da shi tun 2004. Yana gefen rami na 17, inda ɗan wasa ke buga ƙwallo ta tsallake kusurwar harabar otal ɗin. Babba ne, akwai wurin ninkaya da na gyaran jiki, amma mai neman tsohon gini ba zai same shi a nan ba. Rusacks kuwa tun 1887 yake tsaye a gefen rami na 18, wani Bajamushe ne ya kafa shi, an kuma sabunta shi a 2021. Daga tagarsa kana ganin ƙaramar gadar Swilcan da kowa ke ɗaukar hoto a kai. In tarihi ne ya kawo ka, Rusacks ya fi. Garin ma abin kallo ne: jami'a tun 1413, kufan babban coci, doguwar gaɓar yashi, shaguna da wuraren cin abinci duk a tafiyar ƙafa. Ko ƙuri'a ba ta faɗo maka ba, hukumar na da wasu filayen a jere, New Course da Jubilee na daga ciki, kuma ba abin rainawa ba ne.

Slieve Donard yana garin Newcastle na Ailan ta Arewa, kimanin kilomita 50 daga Belfast. Kamfanin Belfast and County Down Railway ya buɗe shi a 1898, ginin jan bulo mai hasumiya, a gindin dutsen da ya ci sunansa, mai tsayin mita 850. A ganina ya fi sauran kyawun wuri. Sai dai filin da ke maƙwabtaka da shi, Royal County Down, wanda aka kafa a 1889, na kulob ne mai zaman kansa. Ranakun baƙi ƙayyadaddu ne, kuma wajen kulob ake nema, da wuri ƙwarai. Filin ba ya raga wa sabon hannu: sau da yawa za ka buga ƙwallo ta haye tudun yashi ba ka ga inda za ta sauka ba, ga ƙayoyi a kowane gefe. A ɗauki mai riƙe jaka wanda ya san filin. Bizar Birtaniya ta wadatar a nan, amma kada a ɗauka ta isa a tsallaka zuwa Dublin, babban birnin Jamhuriyar Ailan.

Duk inda ka zaɓa, iska da ruwan sama na cikin ciniki, ko a watan Yuli. Daga Mayu zuwa Satumba ne lokaci, kuma nan ne farashi ke kai ƙololuwa. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, alfijir kuma ya keto da wuri, don haka a duba lokutan salla tun kafin a tsayar da lokacin wasa. Karin kumallonsu ya saba zuwa da naman alade, amma kifi da ƙwai da kununsu na hatsin oats na nan a wadace, kuma in aka sanar da wuri ana iya tanadar abincin da ya dace.

In ni ne zan je karon farko, St Andrews zan nufa, in kama kwana huɗu daga Litinin, in shiga ƙuri'a kullum, in sauka a Rusacks idan aljihu ya yarda, in kuwa bai yarda ba ƙananan masaukai sun cika garin. Turnberry na wanda ba ya son jiran ƙuri'a ne, kuma kuɗi da sunan mai gida ba su dame shi ba. Slieve Donard kuwa kada ka biya ko sisi sai takardar kulob ta shigo hannunka.