Kur ɗin tarihi na hutun damina: sun buɗe wa ɗiyata ido, sun share mana muryar Iya

Tun da aka koma lakwal mata ke tare ni, a gidan suna, a kasuwa, a WhatsApp: kur ɗin tarihin nan, wato darasin hutu da ake yi wa yara da tabulet, ya ci kuɗinsa kuwa? Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, gara in rubuta kowa ya gani. Wurin a nan Maraɗi yake. Ɗiyata na kai, wadda ta gama CM1, wato aji biyar na firamare, ta yi sati shida a hannunsu.

Abin da ya sa na kai ta, tarihin da take yi a lakwal hadda ce zalla. Za ta tsaya ta zubo maki da Faransanci, 18 ga Disamba 1958, 3 ga Agusta 1960, Diori Hamani, ko tuntuɓe ba ta yi. Amma ran nan muna wucewa ta ƙofar fada na tambaye ta me ya sa ake ce wa sarkinmu Sarkin Katsina alhali a Maraɗi yake zaune, sai ta zuba mani ido. Yarinyar da aka yanke wa cibi a Bagalam!

Su a can raba yaran suke yi biyar-biyar, kowane rukuni da tabulet ɗaya da tambaya ɗaya da zai bi diddiginta. Wasu an ba su Tibiri, wasu cinikin gyaɗa, su ɗiyata kuma aka ce su binciko dalilin da ya sa gari ya bar bakin gulbi ya hau tudu. Mushen da ke riƙe da su, wato malaminsu, Allah ya saka masa da alheri, yana da doka guda: duk abin da suka tsinto a intanet ba ya shiga kaye, wato littafin rubutunsu, sai sun sami bakin wani babba da zai ƙara masu haske a kai. Sati biyu da farawa, muna cin tuwon dare, yarinyar nan ta shiga ba babanta labarin yadda masu jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka fito, Ɗan Kasawa ya fake a Damagaram kafin ya zo ya kafa sarautarsa a nan. Babanta Bagobiri ne, sai ta juya ta ce masa ai su ma bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda aka kashe Sarkin Katsina Rauda, suka zo suka zauna Tibiri. Mutumin nan ya ajiye loma yana kallonta. A daren na ce a raina kuɗina sun halatta.

To, ga abin da ya sa na zauna rubutu.

Yaran sun gano a tabulet cewa ambaliyar 1945 ce ta cinye tsohon gari, Nasara suka mayar da mutane kan tudu. Layi biyu ne kacal, da Faransanci. Mushe ya tambaya ko akwai wanda ke da tsoho a gida da ya ga abin da idonsa, ɗiyata ta ɗaga hannu. Kakata, wadda muke ce wa Iya, tana wurina. Ta kusa casa'in, lokacin ambaliyar ba ta wuce shekara takwas ba. Ni da ta goya ban taɓa jin ta yi wannan zance ba, in an tambaye ta sai ta ce abin da ya wuce ya wuce.

Ranar wata Alhamis da la'asar suka zo, yara biyar da wata madam mai taimaka wa mushe. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar dogon yaro, aka jingina tabulet da turmi. Ɗiyata ta durƙusa ta ce, "Iya, don Allah ki ba mu labarin ruwa." Iya ta dube ta ta ce, "Kishiyata, yau kuma da rundunarki kika zo mani?" Daga nan, wallahi, kamar an kwance bakin buhu. Ta faɗi yadda ruwa ya shigo, katangun laka suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, yayanta ya saɓa ta a wuya, rumbunsu ya kife da sauran hatsin bara. Ta lissafo maƙwabtansu gida-gida da sunayensu da sana'arsu. Ta ce da suka hau tudu sun tarar an ja layuka a miƙe, mahaifiyarta ta daɗe tana ɓata hanya don duk lungunan iri ɗaya ne. Wani yaro a cikinsu, wanda ɗakinsu ya faɗi a ruwan 2024, ya tambaye ta ko ta ji tsoro. Ta riƙe hannunsa, ta ce masa har yau in hadari ya haɗu daga gabas ba ta barci. Can ƙarshe ta rera wata waƙar daka ta mahaifiyarta, baiti huɗu ko biyar. Ina bakin madafa ina share hawaye da gefen zane. Kusan awa guda aka ɗauka.

Kafin su fita na ce wa madam ta turo mani a talho. Ta ce abin yana da nauyi, in bari sai an gama gabatarwa, za a zuba wa kowace uwa aikin ɗanta a kile, ɗan abin nan na USB da ake adana bayanai a ciki. Na yarda.

Ranar gabatarwa minti uku kawai suka saka na maganar Iya, amma zauren ya yi tsit, har wani dattijo ya cire hula ya riƙe. Ranar Litinin na sayi kile sabo na hau kabu-kabu na je. Aka ce in jira, na jira. Daga baya wani saurayi ya fito yana sosa ƙeya, ya ce tabulet ɗin sun cika, an share su duka ranar Asabar saboda sabon rukunin da zai fara. Ba su kwafe komai ba. Ba aikin ɗiyata kaɗai ba, na yara duka.

Na nemi direkta. Ko tashi bai yi daga kujera ba, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ai tsohuwar tana nan, sai a sake ɗauka." Wannan magana ta fi sharewar ƙona mani rai. Mutumin da ya buɗe wurin koyar da tarihi bai san cewa maganar tsoho ba famfo ba ce da za ka murɗa ta zubo? Na gwada. Na kunna talhona na zauna kusa da ita, ta ce, "Na riga na faɗa wa kishiyata, ku tambaye ta." Bayan kwana biyu na sake, ta fara, sai ta haɗa ambaliyar da wata yunwa ta daban, sunayen suka cakuɗe mata. Waƙar kuwa ta ce ba ta san wace nake nufi ba. Abin da ya rage mana minti ukun nan ne, wani uba ya ɗauka daga bayan zaure, ƙarar injin wuta ta danne rabin maganar.

Tun daga ranar sauran abubuwan da na haɗiye suka dawo mani. Jika guda ta kuɗi da ake aiko yarinya ta karɓa kowane sati wai kuɗin forfe na intanet, bayan an ce mana komai yana cikin kuɗin rajista. Ranakun da aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, yara suka je suka tarar ba a yi cajin ko tabulet ɗaya ba, suka wuni suna wasa. Yadda maza biyun rukuninsu suka kankane na'urar, ɗiyata aka bar ta da bik da kaye, sai da na je na yi magana. Rukunin gyaɗa kuma, da ba a hannun mushen nan suke ba, kwafo Faransanci suka yi suka karanta, aka tambaye su ma'anar kalma ɗaya suka yi shiru. Haddar da na gudo ce aka sa wa allo mai haske.

Da can ni ke bin maƙwabta ina cewa su kai yaransu. Yanzu abin da nake faɗa, ki fara tambaya ko mushen nan yana nan, don shi ne kur ɗin, ba tabulet ba. In za a ɗauki muryar wani naku, ki aje talhonki kusa ki ɗauka ke ma, kada ki jira alƙawarin kowa. Ni dai ba na jin zan sake taka ƙofarsu, ko da yake yarinyar tana roƙona in mayar da ita baɗi.

Shi mushen ya zo har gida ya durƙusa ya ba Iya haƙuri, alhali ba shi ya share ba. Ya sa yaran biyar kowa ya rubuta abin da ya tuna daga bakinta, aka haɗa ya kai shafi bakwai, sunayen maƙwabta goma sha ɗaya aka iya cetowa. Ɗiyata ta tuna baitin farko na waƙar. Kullum bayan magariba takan ɗauki talhona ta kunna, ta zauna gefen tabarmar Iya tana rera mata shi a hankali, ko Allah zai sa na biyun ya dawo.