Gidan kallon Hajiya mai ƙungiya

A ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Taura gidajen kallon ƙwallo ba su da yawa, kuma yawancinsu rumfar zana ce da talabijin ɗaya da janareto mai tari. Na Hajiya daban yake. Ɗaki ne na bulo mai rufin kwano, talabijin biyu manya, bencina a jere ana hawa kamar matakala, don haka na baya ba sai ya miƙe tsaye ba. Naira ɗari biyu ake biya a wasan Firimiya, ɗari uku a daren gasar zakarun Turai.

Ita Hajiyar ba ta shiga ɗakin. Tana zaure da littafinta, ɗan ƙaninta ne ke karɓar kuɗi a ƙofa, bayan an tashi ya kai mata lissafi. Da sayar da abinci ranar kasuwa ta tara jarinta bayan rasuwar maigidanta, shinkafa da wake da ɗanwake, kuma har gobe ana fito da awara da zafinta lokacin hutun rabin lokaci. Ku saya, yajinta ya yi.

Abin da ya sa nake kai kuɗina can shi ne na san inda yake tafiya. Ƙungiyar samarin garin tata ce. Ita ta saya musu riguna ruwan ɗorawa da kore irin na Kano Pillars, ita ke biyan kuɗin mota in za su wasa wani gari, ita ta sa aka ɗaura raga a turakun filin firamare. Da golanmu ya gurɗe a hannu wajen atisaye, a gabana ta kwance bakin zanenta ta ƙirga kuɗin mai ɗori, ta ce wa kocin, "Malam, kada ka sake sa min yaron nan sai ya warke sarai." Mama yaran suke ce mata, kuma in ta ce wanda bai je gonar babansa da safe ba ba zai taka leda da yamma ba, magana ta ƙare.

Wasu na ganin abin baƙo ne mace ta riƙe ƙungiya. A Ingila an yi Delia Smith, wadda ta yi suna da koyar da girki a BBC. Ta shiga hukumar gudanarwar Norwich City a 1996, ita da mijinta suka zama masu hannun jari mafi tsoka, suka yi fiye da shekara 25 ana faɗuwa daga Firimiya ana dawowa da su. A 2005, ana wasa da Manchester City a filin Carrow Road, ta ɗauki makirufo a hutun rabin lokaci tana kiran magoya baya su farka su ɗaga murya. An ci su 3-2 a ranar, amma ba a manta da ita ba. Launin Norwich ma ruwan ɗorawa ne da kore. Ita ma tamu daga tukunya ta fara.

Tsarin gidan ya burge ni. Ba a shan taba a ciki, ba caca, kuma da an kira sallah ake rage murya a buɗe ƙofa. Wanda ya zagi uwar wani saboda Arsenal ko Madrid, a waje zai ƙarasa kallonsa. Yara 'yan makaranta ba a barinsu wasan dare.

Amma akwai gyara. A watan Afrilu zafin kwanon nan ba ya jurewa, fanka biyu ba su isa mutum sama da hamsin ba. Babbar matsalar kuwa batirin sola ce: da rana lafiya lau, amma wasan da aka take da ƙarfe tara na dare, in aka shiga ƙarin lokaci, sai ka ji ƙit, a yi ta jiran a tayar da janareto alhali ana shirin bugun fanareti. Hajiya, don Allah a ƙaro batir kafin zagayen sili ɗaya ƙwale. Sannan bencin gaba na hagu akwai ƙusa a tsaye, ta yaga wa mutane riguna.

Ranar da manyan ƙungiyoyi za su haɗu, a zo da wuri, don tun kafin a take wasa ake rufe ƙofa.